Manomin da ya ari awon maƙwabcinsa

Tunda ka ce ba za ka huta ba sai sukarinka ya sauka daidai da na ƙanenka, zauna in ba ka misali. An yi wani dattijo mai noman rani a bakin fadama, wanda duk yankin aka sallama masa wajen ba da ruwa. Kwamin shinkafa, wato ɗan filin da aka kewaye da ƙasa don ya riƙe ruwa, yakan bar shi ya cika har ruwa ya kwanta, na albasa kuwa da ƙasa ta jiƙa sai ya sa fartanya ya toshe bakin da laka, don ya san in ta sha da yawa ruɓewa take yi. Da girma ya kama shi sai ciwon sukari ya same shi. Likita ta koya masa huda yatsa da gwada jini, ta sa masa iyaka biyu, ta ce kada awon ya haura ta sama, kada kuma ya gangara ƙasa da ta ƙasa. Maƙwabcin gonarsa, wani magidanci da bai kai shekarun babban ɗansa ba, shi ma ciwon ke gare shi. Ran nan suna hutawa a gindin mangwaro suka nuna wa juna awo, dattijo ya ga na maƙwabcin ya fi nasa sauka. Abin ya tsaya masa a rai, mutumin da bai saba a riga shi komai a fadama ba. Bai shawarci kowa ba, ya daina karin kumallo, ya ƙara ƙwaya a kan wadda aka rubuta masa, kullum awo na sauka yana murna. Wani hantsi yana tsaka da ban ruwa gumi mai sanyi ya karyo masa, hannu ya ɗauki rawa, gani ya dushe, ya durƙushe a hanyar ruwa. Allah ya sa da sauran kwana, maƙwabcin ya hango shi. Ya gane alamar, ya ciro sukarin da ba ya rabuwa da shi a aljihu ya ba shi tun yana iya haɗiya.

A asibiti likita ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce maƙwabcinsa yana da ƙuruciya da sauran tafiya a gaba, shi ya sa aka matse masa iyaka don a tsare idonsa da ƙodarsa. Shi kuwa ga shekaru ga zuciya ta fara gajiya, faɗuwar sukari tana iya ɗauke shi a wuni guda, don haka aka sassauta masa. Sannan ta ce: "Baba, kai ne fa aka ce ba ka ba albasa ruwan shinkafa." Kunya ta rufe dattijo. Da ya koma gona ya tsaya a bakin kwami riƙe da fartanya, sai wani tunani ya zo masa. Shi da ruwan da yake gani da idonsa ma wani lokaci yakan kuskure, albasa ta lalace. Amma tun yana shan nono akwai abin da Allah ya ajiye a cikinsa yana buɗewa yana toshewa don daidaita masa sukari a kan kowace loma, ranar biki da ya cika ciki da masa da zuma, da ranar azumi da ya wuni a rana, yana barci yana farke, bai taɓa sanin ana yi masa wannan aiki ba sai da ma'aikacin ya gaji aka miƙa masa fartanyar. Hawaye suka zubo masa, ya yi ta tasbihi shi kaɗai a cikin albasa. Tun daga ranar bai sake leƙa awon kowa ba, ya tsaya tsakanin iyakokin da aka sa masa, ya ci gaba da nomansa har ya aurar da jikoki.

To, kai ma koma wurin likitanka ka tambayi taka iyakar, ka bar wa ƙanenka tasa. Hausawa sun riga sun faɗa: daidai ruwa, daidai tsaki.