Manomin Albasa da Zoben Jan Ƙarfe

Ajiye sanfefar nan tukuna, Hambali, kada ka goge abin da ba ka gama dubawa ba. Bari in ba ka misali da wani abu da ya faru a gabana, wanda har yau ban manta da shi ba.

Akwai wani manomin rani mai lambun albasa a bakin kogi. Injin da ke jawo masa ruwa irin mai aiki da hasken rana ne, shekara uku bai taɓa ba shi kunya ba. Ana tsakiyar zafi, albasa ta soma yin kai, sai injin ya fara tartsatsi, ruwan da yake turowa ya koma kamar na bakin buta. Ya kai shi kasuwa aka canza masa gawayi, wato ’yan baƙaƙen sandunan nan da ke gugar zoben jan ƙarfe na cikin injin suna ba shi wuta. Mai gyaran ya bi zoben da sanfefa har yana ƙyalli kamar sabuwar munduwa. Kwana biyu kacal injin ya yi, ya koma gidan jiya. Ganyen albasa ya kwanta, fangali ya tsattsage, ga shi kuwa abincin gidan mutumin na shekara duk yana cikin lambun nan. Sai aka kwatanta masa wani dattijo a bayan tasha, wanda ya yi shekara talatin yana kula da injinan wata masaƙa kafin a rufe ta. Ranar da ya kai injin can na je gaishe da dattijon ne, shi ya sa na gani da idona.

Dattijon bai tambayi manomin komai ba. Ya kwance injin, ya zaro cikinsa, ya jawo kujera bakin ƙofa inda haske yake. Ka san zoben nan ba dunƙule yake ba, yanka-yanka ne a jere kamar haƙora, kowane yanki da wayarsa a baya. Ya riƙa juya shi sannu a hankali, yana bin sa da farcen babban yatsa, kamar mai laluben ƙaya a tafin ƙafa. Can ya ce, “Malam, a kan yashi kake ajiye injin nan, kuma murfinsa na baya ya daɗe da faɗuwa.” Ya nuna mana wasu siraran kunyoyi da suka zagaye zoben, aikin yashi ne da ya shiga tsakaninsa da gawayi. Manomin ya ce haka ne. Dattijon ya ƙara da cewa sabon gawayin ma ba na injin ba ne, ya yi masa tauri. Daga nan yatsansa ya tsaya a kan yanki ɗaya tak da ya yi baƙi, bakinsa ya ci wuta, alhali sauran suna nan jajaye. Ya leƙa bayan yankin, can inda sanfefa ba ta kai ba, ya ga jan ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi, ga ɗigon dalma da ya narke ya sake daskarewa. Ya ɗago kai ya ce, “Akwai ranar da injin nan ya shaƙi laka ya tsaya cak da wuta a jikinsa, ba kowa kusa. Ba jiya ba, an kwana biyu.”

Wallahi sai na ga manomin ya zauna a ƙasa, ya cire hula yana salati. Ashe wata biyar baya, yana cikin ban ruwa aka aiko masa cewa mahaifiyarsa ta yanke jiki ta faɗi. Ya ruga gida ko takalmi bai ɗauka ba, bai tuna da injin ba sai da rana ta yi sanyi. Da ya dawo ya tarar da shi ya ɗau zafi kamar tanda, ya fitar da lakar, washegari injin ya tashi lafiya. Bai faɗa wa kowa ba, shi kansa ya manta. Amma zafin da injin ya ɗauka a ranar ya sassauta wayar yanki ɗayan nan, tana riƙe da ƙyar har ta saki, shi ya sa duk juyin da zoben zai yi sai wuta ta dalle shi a wuri ɗaya. Ko gawayi ɗari aka canza, ciwon yana nan.

Dattijon ya liƙe wayar da dalma, ya ɗora zoben a injin yanka ya share shi kaɗan, ya kankare tsakanin haƙoran da guntun zarto, ya sa gawayi mai laushi. Ya gargaɗi manomin da ya nemi murfi, ya ɗora injin a kan katako, kuma in ya ga zoben ya rine ya yi launin zuma bai ɗaya, kada ya bari kowa ya goge, lafiyarsa ke nan. Kafin la’asar ruwa na gudu a lambu. Fangali biyu na can ƙarshe sun riga sun ƙone, sauran albasar kuwa ta miƙe.

To ka ji, Hambali. Dattijon nan ba duba yake yi ba, bai kuma taɓa taka lambun ba. Allah ne ya sa ƙarfe, da ba shi da baki, ya riƙe abin da ya same shi har ya samu mai idon gani. Gaskiyar Hausawa da suka ce, labarin zuciya a tambayi fuska.