Tela da Kwamfutar da Za a Girma a Cika

Tunda ka ce jibi za ka shiga birni ka sayo wa yaron nan kwamfuta kafin ya tafi makaranta, ja kujera ka ji labarin wani tela.

Telan nan gwani ne, ba a ja da shi wajen awo. In ya zagaya ka da tef sau ɗaya, riga za ta zauna maka ɗas. Amma 'ya'yan cikinsa bai taɓa gwada su ba. Ido kawai yake ɗagawa ya dubi yaro, ya yanka yadi da girma, ya ce ai yaro tsiro ne, zai girma ya cika. Haka suka tashi suna share hanya da bakin wando ranar Sallah, kafin kaya su zo musu daidai sun riga sun koɗe sun yage. To, sai babbar 'yarsa ta samu gurbi a kwalejin koyon aikin jinya, aka ce kowane ɗalibi ya zo da kwamfutar tafi-da-gidanka, don a cikinta ake rubuta aiki a miƙa wa malamai. Tela ya yi murna har da ƙwalla. Ya sayar da keken surfanin da yake ji da shi, ya ce ba za a raina masa 'ya a cikin 'ya'yan mutane ba. Yarinya ta durƙusa ta ce, "Baba, ƙarama marar nauyi, mai riƙe caji. An ce wuta a makarantar nan sai ta ga dama take zuwa." Ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da yake yi wa mai cewa yana son ɗinkinsa kafin Juma'a.

Da ya shiga kasuwa, mai shago ya miƙo masa wata siririya, shafal kamar faifai. Tela ya juya ta ya taɓe baki. Yarinyar da za ta yi shekaru tana karatu, ilimi kullum ƙaruwa yake, ina wannan 'yar mitsitsiyar za ta ɗauke shi? Zango ɗaya ta yi mata kaɗan. Ya zaro tef daga wuya ya bi kwamfutocin yana gwadawa, mai shago na kallon ikon Allah, har ya kai ga wata ƙatuwa a ƙurya, irin wadda samari ke buga wasa da ita. Fitilu ja da kore suna yawo a jikinta, cajarta kaɗai ta kai bulo, in an kunna ta sai ta kama huci. Mai shago ya fara cewa, "Alhaji, ita dai wannan akwai cin wuta," tela ya katse shi, ya ce ai mai ci shi ke aiki. Mai neman ciniki kuwa ba ya musu da mai saye. Da ya dawo gida har jaka ya ɗinka mata, ya zuba sunan yarinyar da zare. Ita kuma da ta ɗaga ta ji, ta ce, "Na gode, Baba," ta haɗiye sauran maganar.

Da zango ya yi nisa, tela ya ƙulla garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji ya tafi ziyara, yana tafe yana hango 'yarsa a tsakiyar ƙawaye ana sha'awar kayanta. A ɗakin kwanan ɗalibai wata ƙawarta ta ce masa, "Ai tana shagon aski." Ashe a duk kewayen makarantar, mai askin bakin titi ne kaɗai ke kunna janareto yini guda. Can ya same ta a ƙarshen benci, maza na jiran layi, kwamfuta ta danne mata cinya, gashin mutane na sauka a kan madannai, tana hurewa tana rubutu. In mai aski ya kashe inji zai tafi salla, kafin ya gama alwala kwamfutar ta sume, wani lokacin har da aikin da ke ciki. Shi dai mai askin murna yake, wai fitilun nan suna jawo masa yara. Ƙawar ce ta raɗa wa tela cewa malami ya riga ya ja wa 'yarsa kunne a kan makara da aiki, in ta sake sai ta maimaita shekara.

Tela ya ce a naɗe, shi zai riƙe mata. Ya rataya jakar. Kafin ƙofar makaranta ya sauya kafaɗa, kafin ɗakin kwana ya aza ta a ka, a bakin matakala kuwa ya nemi wuri ya zauna yana haki, hula a hannu. Ya ce, "Kullum haka kike yi?" Ta ce, "Safe da yamma, Baba. Amma wallahi tana da kyau." Da zaginsa aka yi da bai ji zafin da ya ji na wannan lallashi ba. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Washegari ya ɗauki yarinyar da kwamfutar suka shiga birni, aka yi musaya, ya yarda da asarar da ke ciki. Yarinya na ciki tana zaɓe, shi yana waje kan benci ya kama bakinsa.

Saboda haka in za ka tafi jibin nan, ka tafi da yaron, ya faɗa maka inda zai zauna da abin da zai yi da ita. Hausawa sun ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.