Ranar da Komandan Ya Ci Waken Kurata

Namadi ɗan Korgom ya shiga sansanin horon soja da ke tsakanin Tasawa da Mayahi da jiki irin na manomi. Kafin damina ta fita, wandonsa ya fara zamewa.

Abincin kurata kullum wake ne mai ƙwari, da miyar da mutum ke ganin fuskarsa a ciki. Mai da nama kuwa, kowa ya san Ajidan Gado, wani ƙaramin hafsa mai riƙe da makullin ɗakin abinci, yana aika su kasuwa a amalanke.

Wata safiya Namadi ya yanke jiki ya faɗi ana tsakar gudu. Aka ce in ya sake faɗuwa, sai gida.

Abokinsa Khalil, ɗan masu raƙuma daga Issawane, ya fusata. "Mu kife kwanoni, mu yi ihu!"

"Kai mai raƙuma, ihu a soja tawaye ne, duka za a kore mu," in ji Namadi. "A garinku, in babba ya iske ka kana ci, mi kake ce mai?"

"Bismilla."

"To, wace doka ta hana bismilla?"

Da Komandan, shugaban sansanin, ya zo wucewa lokacin cin abincin rana, sai kurata suka miƙe kaf, kowa ya miƙa kwanonsa hannu biyu. "Bismilla, mon Komandan!"

Komandan shi ma ɗan ƙauye ne, ya san ƙin taɓa abincin na ƙasa da kai raini ne. Ya durƙusa gaban kwanon Namadi, ya kai loma. Ya tauna, ya tsaya, ya duba abin da ke iyo a miyar. Sai ya aika a kira Gado.

"Ajidan, yara sun yi mana bismilla. Ni na taɓa. Kai ka cinye."

Gado ya ci yana haɗa gumi, kurata na danne dariya har da hawaye. Kafin la'asar an karɓe makullin, an cire masa galon muƙaminsa a gaban kowa.

Washegari ƙamshin nama ya cika sansani. Khalil ya kifa bokiti yana kiɗa, har kuku ya fito da ludayi yana rawa. Namadi kuwa bai sake faɗuwa ba.

Jama'a, wanda ya ci rabon masu tsaronsa, ya ɓalle ƙyauren gidansa da hannunsa. Ku kuma da ake cuta, biyayya ba shiru ba ce: a nemi hanyar ladabi a kai kuka inda za a ji.