Kwanon da Aka Ware wa Tabita

Don girman Allah, wanda takardar nan ta faɗa hannunsa, ko ya gane ni kada ya faɗi sunana. Aji uku na yi a lakwal, rubutun sai haƙuri. Yarinyar da zan ba da labarinta, mu ce Tabita.

Shekara biyu da tafiyar Faransawa, Baban Tabita ya samu konje, wato hutu, a wurin aiki, kwana goma sha biyar. Ya ce ba inda za su yi hutun sai Saga, gidan wansa Harouna mai noman shinkafa. Rabonsa da gidan tun ranar da ya shiga bin Yesu, Tabita na shekara uku. Yanzu tana sha biyar. Uwarsu, Kaka Halimatou, ce ta aiko, ta ce ta tsufa, a zo a shirya tun tana da rai.

Cikin kamyon, babbar motar da ta ɗauko su daga unguwarsu Boukoki a birni, Baba ya ja musu kunne. "Hutun nan in ya ɓaci, ba mu da sauran dangi a duniya. Kowa ya kama kansa." Mama kuwa hannun Tabita kawai ta riƙe har suka sauka.

Aka tarbe su da guɗa. Inna Ramatou, matar Baba Harouna, ta sungumi Lidiya, ƙanwar Tabita, tana juyi da ita. "Lidiya 'yar birni! Wace maƙiyiyarki ta yi miki wannan kitso?" Tabita ta durƙusa ta gaishe ta. Inna Ramatou ta kau da kai ta shige madafa.

Da abinci ya sauka, yaran gidan duka suka kewaye akushi ɗaya, har da Lidiya. Na Tabita aka zuba daban cikin kwano, aka rufe da faifai, aka ajiye gindin rumbu.

"Ku ce wa waccan ta ɗauka," in ji Inna Ramatou.

Tabita ta san wannan. A Boukoki ma akwai gidan da suka ware moɗa ɗaya don Kiristoci. Ta ɗauka, ta rufe ido, ta yi godiya ga Ubangiji kamar kullum, ta ci. Tsokar tsakiyar kifi ce binne ƙarƙashin shinkafar. Ba ta ji ɗanɗanon komai ba.

Haka gobe, haka jibi. In ta shigo tsakar gida, Inna Ramatou ta tashi. In ta gaida Baba Harouna, ya amsa yana kallon katanga. A gida Mama daga safe har yamma "Tabita, Tabita" take yi. Nan kuwa ita ma sai "waccan", sai "yarinyar nan".

Ta zauna ta yi tunani. Lidiya ƙarama ce, ba a ɗora mata laifi. Ita ce babba, ita aka yi wa baftisma bana, ita ke da gicciye a wuya, ita ke waƙar majami'a in tana shara. Ashe ita ce za ta ɓata wa Baba hutunsa.

Kwana na huɗu ta cire gicciyen ta ƙulle a bakin zane. Kwana na shida ta daina rufe ido kan abinci. Ranar Lahadi Baba ya tara su ƙarƙashin giginya a bakin gulbi zai karanta Zabura, ta ce kanta na ciwo, ta tafi korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Kwanon dai yana nan gindin rumbu.

Ba ta yi kuka ba. Ta zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ko an tsunkula ba ta ji.

Sau ɗaya suka haɗu su biyu a gulbi. Inna Ramatou ta gama wanki ba mai ɗora mata kaya. Tabita ta kama mata. Matar ta tsaya da kayan a ka, ta zuba wa ƙafafun Tabita ido, leɓenta na motsi. Sai ga wata maƙwabciya Bazabarma, ta yi musu gaisuwa irin tasu. "Fofo!" Inna Ramatou ta ja mayafi ta rufe fuska ta wuce da sauri. Maƙwabciyar ta bi ta da dariya har da tafa hannu.

Ana gobe komawa, da hantsi, Tabita ta iske Kaka Halimatou na kaɗi a inuwa. Ta durƙusa.

"Kaka, ki gaya wa Inna Ramatou na bari."

"Kin bar me, kishiya?"

"Addinin. Abin da take so in faɗa, zan faɗa yanzu. Kada dai a sake raba Baba da gida saboda ni."

Kaka ta ajiye mazari. Ta dube ta, ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta. Can kuma dariyar ta ɗauke, ta jawo Tabita jikinta.

"Kai, 'yan mishan! Sun koya muku littafi, ba su koya muku gida ba. Riƙe addininki, ba wanda ya roƙe ki shi. Au, har yau uban naki bai buɗe baki ba?"

Ana taɓa ƙyauren ɗakin da nake rubutun nan, muryar Mama nake ji, kuma ba ta san na sani ba. Bari in ƙarasa in ɓoye. Kaka ta ce:

"Ramatou ce ta haife ki, ranar yaye aka ba ƙanen Harouna riƙonki, shashasha. Ina kika taɓa ganin mace mai kunya ta kama sunan ɗiyarta ta fari?"