Binciken Tsohon Soja

Da gatari surukina ya shigo shagona, saura mako guda in gama golmo, noman shekara bakwai da nake yi masa don in auri 'yarsa. Tsohon soja ne, ko akuyarsa ba ta kuka sai da izini.

"An ce akwatin wasan bidiyon nan naka ne ya kwashe samarin Dabai daga gona. Kuma wai wasannin ciki na sata ne."

Na durƙusa. "Baba, da katakon tsohuwar ƙofa na haɗa shi, talabijin ɗin gwanjo ce. Kaset ukun nan kuwa na kamfani ne, na ainihi, na hannu na saya a Kwantagora. Ga rasit."

Ya juya rasit gaba da baya bai sami laifi ba, abin ya ƙara ɓata masa rai. "Kunna. Ba na yanke hukunci sai na yi bincike."

Na kunna, tankokin yaƙi suka bayyana a talabijin. Ya jingine gatarin.

Bincike ya kai har la'asar. Duk lokacin da hoto ya tsaya, sai in zare kaset, in hura masa iska, in mayar. Shi ma ya hura har ya sarƙe da tari, abu ya ƙi.

Ran Lahadi bayan coci ya tara dangi, ya ce a sa ranar biki. Na fara washe baki.

"Amma akwatin zai koma zaurena," in ji shi. "Golmon gona ya ƙare. Golmon hura kaset kuwa, gobe za ka fara."