Rijiyar da Yunana Ya Rufe

"Inna, yau za a rufe rijiyar nan," in ji ɗana Yunana, ga magina biyu a bayansa.

Akawu ne a Samaru. Ya karanta wata takardar Turawa da ta ce kada a bar wa tsohuwa mai zama ita kaɗai rami a gida. Ni na koya masa karatu, amma ashe ban koya masa tambaya ba.

Suka rufe rijiyar da kankare, suka jawo mini famfo, suka shafe tsakar gida da siminti sumul. Ya koma Samaru yana murna.

Shekara talatin matan unguwarmu ta Muchiya suna ɗiban ruwa a gidana. Kullum da sassafe maƙwabciyata Funmilayo kan shigo da guganta da bakinta: "Mama Liya, kin tashi ko mu kira fasto?" Da aka rufe rijiya, sai ƙafa ta ɗauke.

Ran Talata santsi ya kwashe ni a gindin famfo. Na yi ta kira har muryata ta dushe. Sai ran Laraba da hantsi duba-gari ya shigo. Ya yaba tsabtar gidan tukuna, sannan ya ɗaga ni.

Jiya na sa aka fasa kankaren. Yunana ya zo a kan keke yana haki.

"Haba Inna! In kika faɗa ciki fa?"

"In na faɗa, kafin a dama koko gugan Funmilayo zai sauka a kaina. A gidan da ka gyara kuwa, kwana na yi a ƙasa."