Ƙoƙi-ƙoƙin Marigayi Mati

Tun da aka hana feshin magani, ƙoƙi-ƙoƙi ne ke tsare lambuna daga ƙwari. Kowa ya koma kiwon irin da malaman gona ke rabawa, manya jajaye. Tabawa kaɗai ta riƙe ƙanana koraye na gida, waɗanda mijinta Mati ya shekara ashirin yana kiwo kafin ya rasu. Bana gidan ƙwai ɗaya ya rage mata, manne a reshen zogale.

Da hantsi ta ga ya fara tsagewa, sai ta ɗauki sandarta ta nufi lambun maƙwabcinta Ɗanliti.

"Ɗana, alfarma na zo nema. Ka ajiye ƙwayayen ƙoƙi-ƙoƙinka a gindin randa, sanyi ya riƙe su kwana goma, nawa su ɗan yi ƙarfi."

Ɗanliti ya sunkuyar da kai. "Wallahi, Inna, zafi ya zo da wuri. Nawa sati biyu ke nan da fitowa, har sun haye shinge."

Ko sallama ba ta yi ba ta juya. Ta tarar da jajayen sun jeru a reshen, suna tsintar 'ya'yan korayen ɗai-ɗai suna cinyewa tun jikinsu bai bushe ba. Ta kai hannu za ta murƙushe su, sai ta fasa, don tumatirinta ma yanzu su ne gatansa.

Ɗanliti ya biyo ta da kwalba, suka yi ta ɗaga ganye har azahar. Guda ɗaya suka samu da rai.

Tabawa ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Sake shi, ɗana. Da wa zai yi iri?"